Ranar da Aka Share Mana Titi

Gidana da gidan yayata suna kallon juna, titi ne kawai a tsakani, babban titin nan da ya ratsa unguwarmu a hanyar Chanchaga. Da can, kowace safiya in ta karya kumallo sai ta ɗauki sandarta ta tsallako. Ta shiga wurin matata su yi hira, ta biya kemis a auna mata jini, ta sayi kayan miya a bakin hanya, in rana ta fara zafi ta koma. Har yau Auta take ce mini, duk da furfurar da ta cinye mini gemu.

Sai aka mayar da titin tagwaye, aka gina shingen kankare a tsakiya, tsayinsa ya kusa kai wa babban mutum ƙugu. Ban ce ba a yi aiki ba, kwaltar ta kwanta sumul. Amma wanda ya zana titin nan motoci ya zana wa, bai tuna Allah ya yi wa mutane ƙafa ba. Samari sukan dafa su dira. Matan Gbagyi masu doya a kafaɗa sukan sauke kayan a kan shingen, su haura, su sake saɓawa, tirela na wucewa tana kaɗa musu zani. Yaya kuwa gwiwarta ba ta lanƙwasuwa. In tana son zuwa wurina sai an tare mata keke mai ƙafa uku, ya yi gaba da ita can nesa inda aka bar wa motoci wurin juyawa, sannan ya dawo, kuma hawan keken ma sai an kama ta. Ga shi kemis da kasuwa da mu kanmu duk muna wannan ɓangaren, ita tana can ita kaɗai a gidan marigayi mijinta.

Ɗanta da ke aiki a Kaduna ya zo ya ga halin da ake ciki. Ya ce mini, "Kawu, in ba a buɗe wurin nan ba zan ɗauke ta. Ba zan zauna ina jiran a kira ni a waya a ce mota ta kaɗe ta ba." Ita kuma ta ce a gidan nan aka kawo ta amarya, daga nan za a fitar da ita zuwa makwancinta. Abin da zai raba gardamar bai taka kara ya karya ba: a fasa shingen daidai faɗin da mutum zai wuce, a yi tudu gaba da baya don motoci su rage gudu, a shafa farin zane a ƙasa. Masu unguwa sun kai kuka, an ce an ji.

Ni tafinta ne, da shi na ci abinci har na yi ritaya. Na zauna a ɗan akwatin gilashi da abin ji a kunne a garuruwa da dama, ina juya Faransanci zuwa Turanci, Larabci zuwa Faransanci, manyan mutane suna magana a kan hanyoyi da jiragen ƙasa da hayaƙin motoci da ɗumamar duniya. Kalmar nan ta sufuri mai ɗorewa na furta ta da harsuna uku har bakina ya saba, tun kafin a san yadda za a faɗe ta da Hausa. Yawancin abin da na juya iska ce, na sani. Amma ba duka ba. A Wagadugu na ga an ware wa babura da kekuna nasu layin, mata na tafiya a kai da 'ya'ya a goye, hankali kwance. A wani gari na arewacin Turai na ga tsohuwa da ta girmi Yaya ta sa ƙafa a kan zane, motoci suka ƙame kamar sun ga sarki. A Alƙahira kuwa sai dai mutum ya karanta abin da ya sawwaƙa ya faɗa cikin motoci, shi ya sa can ne na fi jin kamar ina gida. Na ga inda takardar taro ta zama hanya, na ga inda ta zama abin ƙunshe gyaɗa.

Saboda haka da labari ya zo cewa an ƙulla yarjejeniya da wasu abokan hulɗa na ƙasashen waje, za su turo masana su duba yadda mutanen Minna ke zirga-zirga, su zaɓi wuraren da za a gyara wa masu tafiya a ƙasa, sai na ji raina ya yi fari. Shugaban kwamitin tarbar baƙin ɗan wani abokina ne, a gabana ya girma. Shi ya zo har gida ya roƙe ni in yi musu tafinta, don shugabar tawagar injiniya ce mai jin Faransanci, Turancinta na ɗingishi. Na ce na yarda, da sharaɗin a sa titinmu cikin wuraren da za a kai su. Ya ce an gama.

Na ce, "Abu ɗaya nake roƙonka. Kada a taɓa komai. Su zo da safe, ranar aiki, su tsaya su ga abin da muke gani."

Ya ce, "Baba, ka bar mini komai."

Na yi shekaru ina jin wannan magana a bakin mutanenmu, ya kamata a ce na san abin da ke biyo bayanta.

Ana gobe za su zo, na fito daga masallaci na tarar da mata masu shara sun jeru a titi. Bayansu ga masu fenti, suna shafa wa shingen baƙi da fari, shingen nan dai da ya raba ni da 'yar'uwata, suna yi masa kwalliya kamar angon da za a kai wa amarya. An gaya wa masu doya kada su fito gobe. An ɗage teburan masu kayan miya da mai gasa masara zuwa lungu. An tara 'yan keke da 'yan acaba an ce su bi ta bayan gari har baƙi su wuce. Na kira ɗan abokin nawa a waya.

Na ce, "Kai, me nake gani haka?"

"Baba, ɗan gyara ne kawai."

"Gyaran gangar Auzinawa. Na ce maka kada a taɓa komai."

"Baba, baƙi ne fa. In baƙo zai zo gidanka ba za ka sa a share tsakar gida ba?"

"Surukai aka ce maka za su zo? Likita ne zai zo. Ka taɓa ganin an shafa wa ƙurji hoda don likita zai duba?"

Ya yi dariya, dariyar da yara ke yi wa tsoho in suna son ya gama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, daga sama aka ce. Kada mutanen nan su koma ƙasarsu su ce Minna ƙazanta ce. Kai ma ba za ka so ba."

Na gaya masa abin da nake so da wanda ba na so, har na ji shiru, na duba na ga ya daɗe da kashe wayar.

Washegari muka taso daga otal cikin jerin gwanon motoci, jiniya na kuka a gaba. Motocin nan kowace sai ta ɗauki iyali guda, amma mutum bibbiyu ne a ciki, an rufe gilashi ana shan sanyi, za a je duba yadda za a rage hayaƙi. Tun daga nesa na lura babu tirela ko ɗaya. Ashe an tsayar da su can wajen gari tun da sassafe. Muka iso unguwarmu na kasa gane ta. An kafa rumfa, an jera kujeru, ga makaɗa, ga masu rawar Gbagyi, ga masu rawar Nupe. Aka yi addu'ar Musulmi, aka yi ta Kirista. Aka yi jawabin maraba, aka yi jawabin godiya ga wanda ya yi jawabin maraba. Ni ina gefen baƙuwar ina zuba mata duk wannan a kunne da Faransanci, tana gyaɗa kai, idonta na kan titi.

Da aka samu sarari ta tashi ta je bakin hanya ta tsaya, da 'yar na'ura a hannu wadda take dannawa duk lokacin da wani ya tsallaka. Mace ce mai matsakaicin shekaru, rana ta riga ta mayar mata da wuya ja. Muka tsaya. Titi fayau, sai walƙiyar sabon fenti. Wani ɗan sanda ya haura shingen don ya je ya kori wata akuya. Ta dube shi, ta dubi na'urar, ba ta danna ba.

Ta ce, "Kullum haka wurin yake?"

Na ce mata a'a. Na gaya mata zancen tireloli da masu doya da 'yan keke, da wani da mota ta kaɗe kwanakin baya. Shugaban kwamiti ba ya jin Faransanci, amma labarin zuciya a tambayi fuska, sai ya matso yana murmushi yana cewa abinci na jira. Ta ce ta yarda da ni, ba yau ta fara ganin irin wannan ba. Sai dai ƙa'idar aikinsu abu biyu ake rubutawa, abin da ta gani da idonta da abin da mazauna wurin suka faɗa da bakinsu. Maganar tafinta ba ta shiga. Na ce to ta dawo gobe da sassafe, ita kaɗai, in tare mata keke. Ta ce ofishinsu ya hana su fita daga otal ba tare da 'yan rakiya ba. Wato duk inda za ta sa ƙafa sai jiniya ta riga ta, duk inda jiniya ta je kuwa an riga an share. An turo mutum daga wata duniya ya gani, an kuma ɗaure masa ido da dokar tsaron lafiyarsa.

Ta ce, "Akwai wanda abin ya shafa da zan iya magana da shi yanzu?"

Na nuna mata gidan Yaya. Daga inda muke tsaye ana hango ƙofar. Muka koma cikin motoci, jerin gwanon nan duka ya yi gaba zuwa wurin juyawa ya dawo, don mu shiga gidan da in ka yi jifa daga rumfar sai dutsen ya faɗa ciki. Na ce a raina wannan kaɗai ya isa hujja.

Na riga na shirya Yaya tun kwanaki. Na ce mata in Allah ya sa aka kawo su, ta faɗi komai: gwiwar, kemis, keken, da zancen ɗanta. Ta ce ta ji. Muna shiga na ga an shimfiɗa dardumar da ba a fitowa da ita sai da salla. Ta sha atamfa, ta yafa farin mayafi, ga kunun gyaɗa a kwanon sha yana tururi. Ta taso tsaye ta tarbi baƙuwar da hannu biyu, ba sanda. Na waiga na hango sandar a bayan ƙyaure, an jingine ta an rufa mata tsumma. Allah kaɗai ya san abin da tashin nan ya ci mata.

Aka zauna. Baƙuwar ta ajiye rikoda a kan darduma. Shugaban kwamiti ya tsuguna a bakin ƙofa, wasu jami'ai suka cika zaure.

Yaya ta ce, "Tambaye ta ya hanya. Ya ta baro mutanen gida? Tana da 'ya'ya?"

Na tambaya, na juya amsa. Sai da muka gama da 'ya'yan da mijin da iyayen mijin, sannan baƙuwar ta samu ta ce, "Mama, titin nan yana ba ki wahala?"

Yaya ta ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi. An yi mana titi mai kyau. Allah ya saka wa waɗanda suka yi da alheri."

Na ce, "Yaya, gaya mata zancen gwiwarki."

"Auta, aikinka aka ɗauke ka ka yi. Faɗa mata abin da na ce."

Na faɗa. Baƙuwar ta ce, "In kina son zuwa wurin magani, yaya kike yi?"

"Kai ni ake yi. Ina da 'yan'uwa, ban rasa komai ba."

"Da za a ce ki zaɓi abu ɗaya a canza a wurin nan, me za ki zaɓa?"

Yaya ta yi murmushi ta tura kwano gabanta. "Ce mata ta sha kununta kada ya huce."

Na juya wannan ma. Sannan na ce da Faransanci ina da ƙarin bayani. Baƙuwar ta miƙa hannu ta kashe rikodar, cikin ladabi, ta saurare ni. Na ce mata a wurinmu dattijuwa ba ta kai ƙara ga baƙon da ya zauna a kan shimfiɗarta, na nuna mata sandar da ido. Ta gani. Ta ce za ta rubuta a gefe, amma ba ita ke yanke hukunci ba, akwai masu zama a can su auna wuri da wuri, su kuwa abin da aka ƙirga da abin da aka naɗa suke dubawa. Ta sake kunna rikodar ta tambayi Yaya karo na ƙarshe, a hankali, ko akwai wani abu. Yaya ta ce akwai, ta gaishe mata da yaran.

Aka ɗauki hoto. Aka ba baƙuwar ƙullin kulikuli da doya biyu manya, direba ya kai mota. Tun kafin ƙarar jiniya ta ɓace aka saki tirelolin da aka tare, suka shigo gari gaba ɗaya kamar an fasa dam. Masu doya suka fito, aka mayar da tebura, 'yan keke suka dawo suna rama asarar safiya. Kafin la'asar sabon fentin ya sha tafin hannu da sawun takalma. Na tsaya a ƙofar Yaya ina kallon abin da aka zo nema daga wata nahiya, ga shi nan a fili, ba mai gani sai mu.

Na koma ciki. Ta riga ta cire mayafin, ta miƙe ƙafar a kan matashi tana cije baki.

Na ce, "Yaya, me kika yi mana haka?"

"Me na yi?"

"Da bakinki za ki ce lafiya lau? Matar nan saboda irinki ta zo."

"To sai me? Mace ta baro 'ya'yanta ta tsallako teku, ta shigo ɗakina, ko ruwa ba ta sha ba in tare ta da kuka? Ga maza cike da zaure in kama kwance musu gwiwata? Ga ɗan mutane a tsugune, in tona masa asiri a gaban masu aikinsa, in ya rasa abincinsa kai za ka ba shi? Haka aka koya maka a yawon naka?"

"A yawon nawa in an tambayi mutum inda ke masa ciwo, nunawa yake yi."

"Shi ya sa ba su da kunya. In tana da hankali ai ta ga yadda na zauna. Kukan kurciya jawabi ne."

"Rikoda ba ta jin kukan kurciya, Yaya."

"To laifin rikodar ne. Miƙo mini sandata."

Na miƙa mata. Ban san wa zan fi jin haushi ba a ranar, ita ko yaron kwamiti ko masu zama a can su auna wahalar mutane da abin da na'ura ta danna. Kada a ɗauka mu kaɗai ke share gida. Lokacin da ake kai mu ziyara a ƙasashensu, su ma layin jirgin da ya fi kyau suke hawar da mu, ba sa kai mu unguwannin bayan gari inda bas ba ya zuwa sai an yi ta jira. Amma su suna ɓoye wa wanda ya zo kallo ne. Mu wanda ya zo gyara muke ɓoye wa, mu yi masa kiɗa, mu ɗora masa doya, ya tafi yana yaba halinmu. Kuma ba zan ce halin ba shi da kyau ba. Da shi aka tarbe ni a gidajen da ban san kowa ba, da shi na ga an rufa wa mutane asiri. Abin da ya ƙone mini rai shi ne ba wanda ya yi mugunta a cikinsu, kowa ladabinsa ya yi, kuma shingen yana nan.

Bayan wasu watanni yaron kwamiti ya zo gaishe ni, yana ta sosa ƙeya. Rahoto ya fito. An rubuta cewa a titinmu masu tsallakawa a ƙasa ba su da yawa, mazauna kuma sun nuna gamsuwa. An ba da aikin gyaran ga wani wuri a Bosso kusa da jami'a, inda ɗalibai suka kewaye tawagar suka yi ta ɗaga murya har aka rasa mai tsayar da su. Ban yi musu baƙin ciki ba, su ma rai gare su. Ya nuna mini shafin da aka sa hoton Yaya, tana murmushi, hannunta cikin na baƙuwar.

Ya ce, "Baba, akwai zagaye na biyu. In sun dawo za mu sa titinku a gaba."

Na ce, "In za su dawo kada ka gaya wa kowa. Kai ma kada a gaya maka."

Ɗan Yaya bai jira zagaye na biyu ba. Da damina ta ɗauke ya zo da mota, bayan Yaya ta zame wajen sauka daga keke ta yi kwanaki a kwance. Wannan karon ba ta yi gardama mai tsawo ba. Daga ƙofata na hango ana fito da akwatuna, na tari keke ni da matata muka zagaya. Muka tarar an riga an zaunar da ita a gidan baya na motar, an rufe ɗakinta da kwaɗo. Matata ta shiga ta rungume ta suna kuka. Ni na tsaya a jikin taga, abin da ke bakina faɗa ne, ba kuwa ranarsa ba ce.

Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Auta, ka riƙa leƙa gidan. Ka sa a share, kada ciyawa ta cinye shi."

Na ce to.

Direba ya tada mota. Sai ta ɗaga hannu ya dakata, ta leƙo.

"Af, na manta ban tambaye ka ba. Baƙuwar nan ta isa gida lafiya? Ta ce doyar ta yi daɗi?"